Gyatsar Shanu da Amanar Ƙasa

Saniya dabba ce mai tuƙa. Ciyawar da ta ci takan ruɓe a tumbinta, ta haifar da wata iska wadda masana ke kira metan, wadda ke fita ta hanyar gyatsa. Wannan iska tana tare zafin rana a sararin sama. A tsawon shekara 100, ƙarfinta ya ninka na hayaƙin kabon wajen sau 28, sai dai takan baje bayan kimanin shekara 12. Saboda haka ne a 2021, a taron Gilasgo, Nijeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 bisa ɗari kafin 2030.

A ƙasashen Turai, wasu shugabannin coci suna yi wa mabiyansu gargaɗi su rage cin naman shanu. Hujjarsu kuwa Littafin Farawa, sura 2, aya 15, inda aka ɗora wa mutum aikin noma gona da kiyaye ta. Gargaɗin ya dace da inda ake cin nama dare da rana. Amma a Tungan Magajiya, ta Ƙaramar Hukumar Rijau a masarautar Kwantagora, inda Kiristoci ke zaune tare da Musulmi da makiyaya, tuwon dawa ne abincin yau da kullum, nama sai ranar kasuwa ko biki. Hana yaro ɗan naman da yake samu ba kiyaye amana ba ne.

Gyaran yana wajen kiwo. Saniyar da ta wuni tana cin busasshen kara da rani ba ta daina gyatsa, ga shi kuwa ba nono, ba ƙiba, har takan kai shekara huɗu ba ta yi haihuwar fari ba. Wadda aka ba harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da gishirin lasa, aka kuma yi mata allurar rigakafi, takan ba da nono mai yawa. Watau iskar da ke fita a kan kowace ƙwaryar nono ta ragu ke nan.

Don haka ana roƙon manomi ya ɗaure harawarsa da kaka, ya ɗora ta bisa rumfa, kada ya cinna wa karan gonarsa wuta. In ba shi da dabba, ya sayar wa makiyayi, ko kuwa su yi musaya da taki. Malaman coci da limamai su sanar da jama'a wannan kafin a gama girbi.