Yadda Kwamfuta ke Farautar Duwatsu a Doron Wata

Wani mai sauraro daga Funtuwa ya aiko da tambaya: wai da gaske ne kwamfuta na gano abubuwan ban mamaki a duniyar wata?

To malam, gaskiya ne. Tun 2009 kumbon LRO na hukumar NASA ta Amurka ke kewaya wata yana ɗaukar hotuna, har yawansu ya fi ƙarfin idon ɗan Adam. Sai masana suka koya wa kwamfuta aikin tace hotunan kamar yadda ake koya wa yaro tsince tsakuwa a shinkafa: a nuna mata misalai, ta yi kuskure, a gyara mata, har ta gane siffar abin da ake nema da kanta.

A 2020, Valentin Bickel da abokan aikinsa a Jamus da Suwizalan suka sa ta tace hotuna fiye da miliyan 2. Ta zaƙulo wurare 136,610 da manyan duwatsu suka gangaro, kowanne ya bar sawunsa a ƙura. Wata ba shi da iska balle ruwan sama, shi ya sa sawun ke daɗewa bai shafe ba.

Galibin waɗannan wurare kuwa a gangaren ramukan da duwatsun sararin samaniya suka haƙa aka same su.