Tayar keke: mai haƙora ko siririya?

A Matamaye da ƙauyukan da ke kewaye da ita babura sun yi yawa, amma keke bai bar hanya ba. Ba ya shan mai, gyaransa kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Da shi ɗalibi ke zuwa lakwal. Da shi mai rake ke fito da kayansa daga fadamun Dungu zuwa bakin kwalta. Da shi ake ɗauko jarkokin ruwa, da shi ake zuwa gaisuwa a ƙauyen da mota ba ta shiga.

Kekuna iri biyu aka fi gani. Akwai dogon baƙin keke na da, irin su Raleigh da Phoenix, mai siririyar taya. Akwai kuma keke mai giya, mai kaurin taya da haƙoran roba a jikinta. Masu jin Faransanci suna ce masa VTT, wato keken da ke bin kowace irin ƙasa. A wannan darasi za a kira shi keken dutse, don saboda duwatsu aka fara yin sa.

A rumfar mai faci gardama ba ta ƙarewa a kan tayoyin nan biyu. Wannan ya ce mai haƙora ta fi riƙe ƙasa. Wancan ya ce ƙarya ne, nauyi kawai gare ta, tana cinye ƙarfin mutum. In an bi maganar a hankali, sai a ga kowannensu yana faɗin abin da ya gani ne a kan hanyar da yake bi. Maganar ba ta wasa ba ce. Taya kuɗi ce. Wanda kuma tayarsa ta zame da kaya a baya, yana iya karya hannu ana gab da shuka.

Inda haƙoran suka fito

Da can tayar keke roba ce tsagwaro, ba iska a cikinta. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin birnin Belfast, ya fito da taya mai iska. Keken ɗansa ya fara sa wa. A 1891 ƴan gidan Michelin a Faransa suka yi tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar.

Keken dutse kuwa na baya-bayan nan ne. A shekarun 1970 wasu samari a jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa gangarowa daga kan duwatsu da tsofaffin kekuna masu kaurin taya. A 1981 aka fara ƙera irin keken nan da yawa a masana'anta. A 1996 tserensa ya shiga wasannin Olamfik. Ke nan haƙoran an yi su ne domin gangare, da tsakuwa, da taɓo. Ƙasar Matamaye kuwa galibinta jigawa ce.

A cikin rairayi

Nan ne aikin yake. Duk wanda ya bar kwalta ya nufi Kurni ko Yawuri da rani ya san yadda keke ke kafewa. Tayar gaba ta nutse, kan keke ya juya inda ya ga dama, mutum ya sauka ya tura.

Masu bin irin wannan hanya kullum sun yarda keken dutse ya fi baƙin keke wucewa. Amma da yawa suna zaton haƙoran ne ke taimakonsu. Ba su ba ne. Busasshen rairayi ba shi da abin da haƙori zai kama, watsewa yake yi. Faɗin tayar ne ke aiki. A dubi ƙafar raƙumi da kofaton jaki. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma ba ya nutsewa kamar jaki, don tafin ƙafarsa na buɗewa in ya taka. Siririyar tayar baƙin keke faɗinta wajen milimita 40 ne. Ta keken dutse ta kan kai 50 zuwa 55. Bambancin bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, amma ƙafa na jin sa.

Abu na biyu shi ne iska. Yawancin masu keke suna son a buga musu taya ta yi tauri kamar icce. A kan kwalta wannan daidai ne. A cikin rairayi kuwa, taya mai tauri yankan ƙasa take yi kamar garma. In aka ɗan rage mata iska, sai ta baje, wurin da take taɓa ƙasa ya ƙara faɗi da tsawo, ta hau kan rairayin maimakon ta shige cikinsa. Wanda ya gwada ya san tsohuwar taya mai faɗi da aka rage wa iska ta fi sabuwa mai manyan haƙora da aka cika tam.

An taɓa gwada wannan dabara daga nan jihar Damagaram. Wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tsara wani keke a 1980, mai ƙafa uku a jere, da tayoyi masu kauri sosai. Ya hau shi daga Zinder har Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. A 1986 ya sake ratsa Sahara da irin keken, da tayoyin gwaji na kamfanin Michelin. Yau ana sayar da kekuna masu taya mai faɗin santimita 10 domin rairayi da ƙanƙara. Dabarar raƙumi ce dai.

Sai dai rage iska na da iyaka. In ta yi ƙasa da yawa, aka taka dutse ko saiwar icce, ƙarfen ƙafar keke, wato rim, zai matse robar ciki ya huda ta wuri biyu dab da juna. Masu keke a Turai suna kiran wannan huda cizon maciji. Mai faci da ya ga huda biyu a jere ya san ba ƙaya ba ce, rashin iska ne. Saboda haka mai ɗaukar rake ko jarkoki kada ya taɓa iskar baya. Ta gaba kaɗai zai ɗan rage, yadda babban yatsa zai iya danna ta ta ɗan lotsa.

Akwai kuma abin da ba na taya ba. A cikin rairayi a sa giya mai sauƙi, a zauna baya-baya a kan sirdi, kada a daina tuƙi, kada kuma a ƙanƙame kan keke.

Laka, birji da kwalta

Da damina al'amari ya kan juya. Jigawar da ta sha ruwa da dare ta kan yi ƙarfi da safe, har baƙin keke ya wuce yana gudu. Fadama ce ke zama wahala. A nan kam haƙora na da rana, don suna shiga cikin laka su kamo ƙasa mai ƙarfi. Amma ba kowane haƙori ba. Masu zuwa lambu sun lura cewa tayar da haƙoranta suka matsu da juna ta kan cika da laka nan da nan, ta koma sumul, ta fi siririya santsi. Wadda haƙoranta ke da tazara ita ce ke zubar da lakar tana juyawa. Baƙin keke kuma yana da tasa matsalar: laka na taruwa tsakanin taya da murfinta har ƙafar ta ƙi juyawa.

A kan hanyar birji mai tsakuwa, wurin kwana ake faɗuwa. In keke ya karkata, ba tsakiyar taya ke taka ƙasa ba, gefenta ne. Shi ya sa haƙoran gefe suka fi na tsakiya muhimmanci ga mai bin birji. Mai sayen taya ya murɗa su da yatsa. In sun yi laushi suna lanƙwashewa, ko gindinsu ya fara tsagewa, ba za su riƙe shi a kwana ba.

A kan kwalta kuwa, irin hanyar da ta taso daga Takeita ta ratsa Matamaye ta nufi Ɗan Barto, mai siririyar taya ne ke da gaskiya. Manyan haƙora ba su da abin kamawa. Ƙugi kawai suke yi, kowane ɗaya na lanƙwashewa yana cin ƙarfin mai tuƙi, kwalta mai zafi kuma na cinye su. Ɗalibin da hanyarsa duk kwalta ce ba shi da bukatarsu, ko da yake samari na son su don ado. Wanda hanyarsa rabi kwalta ce rabi jigawa, akwai tayar da ta dace da shi: mai faɗi, tsakiyarta kusan sumul, haƙoran a gefe.

Ta gaba da ta baya

Tayoyin keke biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta baya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita ke tura keke, don haka ita ke riga cinyewa. Ta gaba ita ke riƙe hanya. In ta baya ta zame, sau da yawa mutum na iya sa ƙafa ya tsaya. In ta gaba ta zame, kafin ya ankara yana ƙasa.

Masu tseren keken dutse sun daɗe da sanin haka. Sukan sa mai manyan haƙora da roba mai taushi a gaba, mai ƙananan haƙora da roba mai tauri a baya. Roba mai taushi ta fi kama ƙasa, amma ba ta daɗewa. Mai tauri na daɗewa, amma ta fi zamewa. Ba a samun duka biyu a taya ɗaya.

A karkara an saba, in ta baya ta mutu, a sayo sabuwa a sa a wurinta. Abin da ya fi shi ne a sa sabuwar a gaba, a mai da ta gaban baya in da sauran ƙarfinta. Kuɗin ɗaya ne.

Ƙaya

Ƙasar Matamaye ta yi suna wajen gawo. Tun daga shekarun 1980 manoma a nan, da Magariya da Mirya, suka riƙa barin ƴaƴan gawo suna girma a gonakinsu, har aka san yankin a duniya saboda haka. Gawo alheri ne ga gona, amma rassan da ake sassabe wa dabbobi da rani na barin ƙaya a kan turba. Ga ta aduwa, ga ta bagaruwa. Wadda ta fi su ɓarna ita ce tsidau. Ɗanta in ya bushe ya kan rabu gida biyar, kowane da ƙayoyi masu ƙarfi, kuma ya kan kwanta da tsini a sama. A Amurka ma sunan da aka ba ta yana nufin mai huda taya.

Haƙora masu kauri na ɗaga jikin taya daga ƙasa, suna tare ƙananan ƙayoyi. Doguwar ƙayar aduwa kuwa ba ruwanta, tsakanin haƙora take bi. Wasu masu faci sukan yanke bakin tsohuwar taya su shimfiɗa ta cikin sabuwa. Keke na ƙara nauyi, amma faci na raguwa. Kafin a mayar da robar ciki, a bi cikin tayar da tsumma a hankali. In ƙayar na nan, tsumman zai maƙale. In ba a cire ta ba, sholisho da faci sun tafi a banza. Rana ma abokiyar gābar roba ce, tana sa ta tsattsage. Keke a inuwa ake jingine shi.

Abin da ke rubuce a jikin taya

A gefen kowace taya akwai lambobi. Wanda ya iya karanta su ba a sayar masa da abin da ba zai shiga kekensa ba.

A jikin tayar baƙin keke za a ga 28 x 1 1/2. A jikin ta keken dutse an fi ganin 26 x 1.95 ko 26 x 2.10. Lambar farko girman ƙafar ce, ta biyu faɗin tayar, duka da awon inci. Inci ɗaya ya ɗan wuce santimita 2 da rabi. Sababbin kekunan dutse kuma suna zuwa da 27.5 ko 29.

A nan akwai tarko. Ba duk 26 ba ce ɗaya. Taya mai 26 x 1 3/8 ba ta shiga rim ɗin mai 26 x 1.95, ko da an sa mata ƙarfe. Domin kauce wa wannan, a nemi wata lamba ta biyu da ke kusa, kamar 54-559. Ta farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu girman rim ne, kuma ita ce dole ta yi daidai da ta tsohuwar taya. Ta baƙin keke 635 ce. Ta keken dutse mai 26 ita ce 559. Ta 26 x 1 3/8 kuwa 590. Wannan ne ma ya sa ba a iya sa wa baƙin keke tayar keken dutse.

Akwai kuma awon iska, da kalmar BAR ko PSI a bayansa. Lamba mafi girma ita ce iyakar da ba a wucewa. A wasu tayoyi akwai ƴar kibiya. Tana nuna wajen da taya za ta juya in keke na tafiya gaba. In aka sa ta a juye, haƙoran ba za su yi aiki yadda aka tsara su ba.

Aikin aji

A zama na gaba, duk mai keke ya zo da shi. Wanda ba shi da keke ya aro tsohuwar taya wurin mai faci. Kowa ya nemo lambobin da ke jikinta ya rubuta a allo. Malami ya haɗa masu 635 wuri ɗaya, masu 559 wuri ɗaya. Sannan kowane ya faɗi hanyar da yake bi zuwa kasuwa, nawa ne jigawa a cikinta, nawa ne birji, nawa ne kwalta, ajin ya duba ko tayar da ke jikin kekensa ta dace da ita.