Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda Kotu Ke Duba Rigimar Aibin Gini

'Yan uwana ɗalibai, musamman na sashen gine-gine, zane da ƙididdigar kayan gini, ga wani darasi da ba a cika tsayawa a kansa a aji ba. A ce ka gama makaranta, wani bawan Allah ya ba ka aikin gidansa mai ɗaki huɗu. Ka gama, ka miƙa makulli, iyali sun tare. Damina ɗaya ta wuce, bango ya dare daga linta har ƙasa, dakin yana yoyo. Mai gida ya ce ka cuce shi, kai kuma ka ce ai shi ya sayo siminti da rodi. To, in aka je gaban alƙali, me zai duba?

Abu na farko: me kuka yi alkawari? Yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce, amma tabbatar da ita wahala ne. Takarda ita ce ke nuna zanen da aka amince da shi, kaurin rodi, zurfin fandisho, haɗin kankare, misali 1:2:4, da kuma wanda zai kawo kaya. A kwangilar da aka tsara da kyau, mai gida kan riƙe wani kaso na kuɗin, galibi kashi 5 cikin ɗari, har sai wa'adin gyara ya cika, wata 6 ko 12 bayan miƙa gida. Duk aibin da ya fito a wannan lokaci, ɗan kwangila zai dawo ya gyara da kuɗinsa. Amma kar ka ɗauka cikar wa'adin ta wanke ka. Ɓoyayyen aibi, kamar fandisho marar zurfi, yana iya jawo ƙara ko bayan haka.

Na biyu: wa zai kawo hujja? Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 131, ta ɗora nauyin a kan wanda ya yi iƙirari. Tsagewar bango kaɗai ba ta isa ba, sai an nuna abin da ya jawo ta. Laifin zane ne, ko na kaya, ko na aikin hannu, ko kuwa mai gida ne ya ɗora bene daga baya a kan fandishon da ba a yi don bene ba? Alƙali ba injiniya ba ne, shi ya sa sashe na 68 ya ba da damar sauraron ra'ayin ƙwararre, kamar injiniya mai rajista da COREN ko magini mai rajista da CORBON. A nan sakamakon gwajin ƙasa da gwajin ƙarfin kankare na kwana 28 suke zama zinariya. Hotunan waya da saƙonnin WhatsApp ma suna shiga, matuƙar an cika sharuɗɗan sashe na 84.

Na uku: an zo a kan lokaci? Kowace jiha tana da dokar wa'adin shigar da ƙara. A Legas, alal misali, shekara 6 ce ga ƙarar saɓa kwangila, kuma a ƙa'ida lissafi yana farawa ne daga ranar da aka saɓa alkawarin, ba ranar da aka ga tsaga ba. Wanda ya yi ta jan ƙafa yana cewa “bari mu ga damina mai zuwa”, yana iya wayar gari haƙƙinsa ya bi ruwa.

Na huɗu: nawa ne diyyar? Yawanci kuɗin gyara ne, amma ba kullum ba. Akwai wata shari'a ta Ingila da ake koyarwa a kan wannan, kuma kotunanmu kan duba irin waɗannan hukunce-hukunce duk da ba dole ne su bi su ba. Wani mai gida, Forsyth, ya ba kamfanin Ruxley aikin tafkin ninƙaya a gidansa, aka yi alkawarin zurfin ƙafa 7 da inci 6. Da aka gama, wurin da ake tsunduma ƙafa 6 ne kacal. Ya nemi fam 21,560 don a fasa a sake. An tabbatar tafkin ba shi da haɗari, kuma darajar gidan ba ta ragu ba. A 1995 kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin ta ce rushewa ya wuce hankali, ta bar shi da fam 2,500 na rashin jin daɗi. Ka ga ke nan, an saɓa alkawari, amma kotu asarar gaskiya take aunawa, ba zafin rai ba.

Kafin ma a kai ga babbar kotu, akwai hanyar sulhu. Dokar Sasanci da Shiga Tsakani ta 2023 ta tsara wannan, kuma Legas, Abuja da Kano duk suna da zauren sulhu a ƙarƙashin kotunansu. Ya fi sauri, ya fi araha, kuma ba ya kashe zumunci. Idan yarjejeniyarku ta ce a fara da sasanci, kotu tana iya dakatar da ƙarar ta mai da ku can.

Saboda haka, tun daga lokacin IT ka saba da littafin wurin aiki. Ka rubuta abin da aka yi kowace rana. Ka ɗauki hoton rodi kafin a zuba kankare. Ka ajiye rasit. In mai gida ya ce a rage siminti ko a canja zane, kar ka tsaya a “to, Alhaji”. Ka faɗa masa illar, a rubuce, ya sa hannu. In abin zai jefa rayuka cikin haɗari, ka ƙi kawai, don sa hannunsa ba zai tare bango ba, kuma a ƙarƙashin rufin nan yara za su kwana.

Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya ba mu aikin da ba za mu ji kunyarsa ba.