Harshen da injuna suke ji

Yara, mu leƙa masana'antar lemu. Kwalabe suna tafiya a jere. Kwalba ta iso, famfo ya buɗe. Ta cika, famfo ya rufe. Wa ke buɗewa, wa ke rufewa? Ba mutum ba ne. Wata ƙaramar kwamfuta ce, Faransawa suna ce mata otomat.

Otomat ba ta jin hausa, ba ta jin faransanci. Tana da nata harsuna, da su ake rubuta mata umarni. Tana duba labarin da na'urorin awo suka aiko, ta yi lissafi, ta ba inji umarni, ta sake farawa. Tana yin haka sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

A wannan aiki, amsa daidai ba ta isa ba, sai ta zo a kan lokaci. In famfo ya makara, lemu ya zube. In injin ɗaga kaya ya makara wajen tsayawa, ma'aikaci yana iya rasa ransa. Amsar da ta makara ihu ce bayan hari.

A Amurka aka ƙera otomat ta farko. A 1968, kamfanin mota na General Motors ya nemi irin wannan na'ura. Dick Morley da abokan aikinsa suka yi wadda ake kira Modicon 084. Daga baya wani harshe ya bazu, mai suna harshen tsani, domin zanensa ya yi kama da tsani. Masu aikin lantarki sun gane shi da sauƙi. A 1977, a Faransa, aka fito da Grafcet, mai nuna aiki mataki bayan mataki.

Amma kowane kamfani da irin nasa rubutu. Don haka a 1993 aka kafa ƙa'idar duniya, IEC 61131-3, mai harsuna 5.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babbar masana'anta tana da otomat da yawa: wannan tana wanki, wannan tana cikawa, waccan tana sa marfi. Dole su riƙa aika wa juna saƙo. A 2005 aka fito da ƙa'idar IEC 61499 domin irin wannan aikin gayya.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin otomat?
2. Don me ake cewa harshen tsani?
3. Me zai faru in mai cikawa ba ta ji saƙon mai wanki ba?