DARASIN WATA: ƘURI'UN DA SUKA TAFI A BANZA

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, Romawa 3:8

Darasinmu na wannan wata ya shafi al'amarin da ya faru a kan idonmu a Jihar Zamfara. Ranar 9 ga Maris 1999 ba ita muke nufi ba, ko da yake a shekarar ce mulkin farar hula ya dawo. Muna maganar 9 ga Maris 2019, ranar da manomi a Karakkai ya bar aikinsa, 'yar kasuwa a Tsafe ta rufe rumfarta, suka yi layi cikin rana domin zaɓen gwamna. Da aka ƙidaya, Mukhtar Shehu Idris na APC ya sami ƙuri'a fiye da 500,000, Bello Matawalle na PDP kuwa bai kai 200,000 ba. Amma ranar 29 ga Mayu, Matawalle aka rantsar.

Ga yadda aka yi. Doka ta wajabta wa kowace jam'iyya ta yi zaɓen fid da gwani, kuma hukumar zaɓe, INEC, ta sa 7 ga Oktoba 2018 ta zama ranar ƙarshe. Shugabannin APC na jihar suka rabu: ga ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari, ga ɓangaren su Sanata Kabiru Marafa, wanda a lokacin yake wakiltar Gusau, Tsafe, Bungudu da Maru. Wa'adi ya cika ba su daidaita ba. Babbar Kotun Jiha a Gusau ta ce an yi zaɓen fid da gwani, Kotun Ɗaukaka Ƙara a Sakkwato ta soke wannan hukunci, sa'an nan ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jam'iyyar ba ta da halattattun 'yan takara, don haka ƙuri'un da aka ba ta sun tafi a banza. Kujerar gwamna, da ta sanatoci 3, da ta wakilai 7, da ta 'yan majalisar jiha 24, duka suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu.

Wani dattijo ya taɓa tambayata bayan Misa, ya ce, "Fada, in alƙalai biyar za su iya shafe zaɓen dubban mutane, me zai sake fitar da ni?" Tambayarsa tana da nauyi, ban kuwa raina ta ba. Amma a ganina ba a kotu aka ɓata ƙuri'arsa ba. An ɓata ta tun watanni biyar kafin ya dangwala yatsa, sa'ad da manya suka ƙi bin ƙa'idar da su kansu suka amince da ita, kowa yana so ya naɗa nasa. Manzo Bulus ya tsawata wa masu tunanin a yi mugunta domin alheri ya fito daga cikinta, kuma Ikkilisiya tana koyar da cewa kyakkyawar manufa ba ta halatta karkatacciyar hanya.

Mu duba karatunmu na farko. Aka yi gunaguni a Urushalima cewa ana manta da gwauraye mata na masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Manzanni suna da iko. Da sun ga dama, da sun zauna a ɗaki su rubuta sunaye bakwai. Ba su yi haka ba. Suka tara jama'ar masu bi, suka faɗi halin da ake nema, jama'a suka zaɓa, sa'an nan Manzanni suka ɗora musu hannu. Ku lura, tun daga matakin farko aka sa jama'a a ciki. Wannan ne ya sa Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa Centesimus Annus ta 1991, ya yaba wa dimokuraɗiyya saboda damar da take ba talakawa su zaɓi masu mulki, su tuhume su, su kuma sauya su cikin lumana.

Dattijon nan ya ga amsar tambayarsa daga baya. Matawalle ya koma APC a 2021, jam'iyyar da aka karɓe kujerar daga hannunta. A 2023 jama'a suka zaɓi Dauda Lawal na PDP, aka sake zuwa kotu, kuma ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da abin da suka zaɓa.

A taron Zumuntar Mata da na matasa na wannan wata, kowace ƙungiya ta bincika: su wane ne wakilan jam'iyyu a mazaɓarku, wa kuma ya zaɓe su? Bayan haka ku dubi gida, ku faɗi yadda aka fitar da shugabannin ƙungiyarku da na majalisar Ikkilisiyarku a karo na ƙarshe. Katikis zai kawo amsoshin a rubuce.