Guzurin Shiga Daji

'Yan uwa ɗalibai, mu da muke raka dabbobi kiwo lokacin hutu, ƙaramar jaka ta ishe mu: ashana a ƙulle cikin leda, wuƙa, tocila, dabino. Mu haɗa da gishiri da sukari. In gudawa ta kama mutum, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Ruwa kuwa shi ne babba. In na gora ya yi ƙasa, rijiya na nesa, kada wani ya ce ai sai ya yi alwala. Mun karanta a babin taimama: mai tsoron ƙishirwa ya ajiye ruwansa, ya yi taimama, sallarsa ta yi.