Sunan Garinku Bai Faɗi Kakanka Ba

Ɗan'uwa ɗalibi, duba fam ɗin rajistarka. A gurbin sunan iyali, yawancinmu sunan gari muka cika: Jega, Aliero, Andarai. Wannan ya nuna inda ka fito, amma bai faɗi wanda ya haifi kakanka ba.

A Sikotilan, "Mac" da ke gaban suna kamar MacDonald ma'anarsa "ɗan", kuma tun 1672 suke da rajistar tambarin iyalai a Edinbara. Mu namu tambarin a fuska yake: tsagar Kabawa daban, ta Gobirawa daban. Yanzu wanzamai sun kusa daina tsaga, babu kuma takardar da ta maye gurbinta.

Gidajen sarauta ba su da wannan matsala. An rubuta cewa Buhari, ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, shi ya kafa Jega. To manomin Andarai fa? Ranar da rabon gadon fadama ya kai gaban alƙali, sai a tarar tsohon da ya san wa ya haifi wa ya riga mu gidan gaskiya.

Wannan hutun, ka zauna da dattijon gidanku ka ɗauki muryarsa a waya. Tambayi sunan yanka da laƙabi, garin da aka taso, da abin da ya tayar da su: yunwa, yaƙi ko fatauci. Sannan ka je wurin kakarka, don tsofaffin mata sun fi riƙe dangin uwa. Sai dai alkunya za ta hana ta faɗin sunan mijinta da na ɗan fari. Waɗannan biyun ka nema a bakin wani.